Farin Ɗigo a Hoton Cikin Mahfuza

Shafi na 17

Bismillahi. Masu aiko min da "ina cigaba, ina cigaba" tun kafin mai koko ta fito, na gan ku. Wayata ce ta yi kwana biyu a shagon caji, janareton mai shagon ya yi yaji.

Wanda yau ya shigo, ga inda aka kwana, kada ya zo yana min tambaya a ƙasa.

Ni ce Kamila. Yayata Mahfuza tana aure a Safana, tana da cikin fari. Mijinta Malam Musaddiq, malamin sakandare, ya dawo mana da ita Batsari tana wata biyar, wai goyon ciki. Ko kaza ta san sai wata bakwai ake wannan. Ya ce saboda yanayin hanya. Daga nan sati shida, ba waya, ba aike.

Sai na buɗe ambulan ɗin hoton cikinta. Ita ba ta taɓa buɗewa ba, kunyar ɗan fari, ga shi ba ta karanta Turanci. Na tarar da takarda mai hatimi, an rubuta wai abin da ke cikinta irin Yaya Alu ne, kuma wai tabbas.

Yaya Alu babban wanmu ne, uwa ɗaya muke, uba kowa da nasa. Shekararsa talatin. Likitoci suna kiran halittarsa Dawun, 'yan unguwa suna cewa galahanga, mu muna cewa Yaya. Shi ke kiwon awakin gidanmu, kuma ba a riga shi sahun farko a masallaci.

Shekaranjiya muka je babban asibiti a Katsina aka sake hoto. Yau muka hau akori-kura zuwa Safana, wajen wanda ya rubuta takardar. Inna, mahaifiyarmu, ta zaci awo muka tafi.

*

Allon ya fi shagon faɗi.

ZAHAR INTANASHINAL. SIKANIN DA GWAJE-GWAJE. RASSA: DUBAI DA SAFANA.

Reshen Safana dai ɗaki ɗaya ne da labule. Na Dubai Allah ya san shi.

Dokta Zaharaddeen yana zaune da farar riga, ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya, yana shan rake. A bango akwai takardar shaidar kwas ɗin sati uku, an saka ta a firam mai ruwan zinari.

Muka yi sallama. Muka gaisa, har da ya aiki, ya jama'a, ya haƙuri da mu.

"Hoto za a yi?"

"An riga an yi. Bayani muka zo ji."

Ya dubi cikin Yaya Mahfuza, ya dubi bayanmu.

"Ina maigidan?"

"Yana hanya."

"To ku jira a benci. Mu a nan da maigida muke magana. Tsarin aiki ne."

Na ce, "Dokta, cikin a jikin maigidan yake?"

Ya tofar da ɓawon rake.

"Ke wace ce?"

"Ƙanwar mai cikin."

"Kin yi karatun lafiya ne?"

"A'a. Aji uku na tsaya, sauran a waya na ƙarasa. Amma na fi sati uku ina yi."

Yaya Mahfuza ta tsunkule ni ta ƙarƙashin hijabi. Ita haka take. Ko ɓarawo ya shigo gida, sai ta fara shimfiɗa masa tabarma.

Muna haka sai ga ƙarar babur. Ni na tura wa Malam Musaddiq saƙo cewa Dokta na nemansa da gaggawa. Ya shigo da fayil a hammata. Mutumin nan ko ta'aziyya zai je da fayil yake zuwa. Na taɓa leƙawa, jarida ce ta bara a ciki.

Yana ganinmu ya ja birki da ƙafa.

"Mahfuza? Wa ya ba ki izinin fitowa?"

Sati shida bai ji muryarta ba, tambayar da ya fara yi ke nan.

Ta durƙusa duk da nauyin jikinta.

"Ina kwana, Malam."

"Lafiya. Akchuwali ina da darasi ƙarfe goma sha biyu, so..."

Na zaro takardar na shimfiɗa ta a kan tebur, kusa da raken.

Shagon ya yi tsit. Fanka ma ba ta juyawa, amma ita dama ba wuta.

"Wa ya ce ki buɗe wannan?" Malam ya faɗa.

"Ba wanda ya ce. Shi ya sa ka saka ta a ambulan ɗinta, ai. Ka san ba za ta buɗe ba."

Dokta ya gyara abin wuyansa.

"Yarinya, wannan binciken kimiyya ne. Na'urar nan daga waje ta zo. Na ga farin ɗigo a zuciyar jaririn. Alama ce ta Dawun. Ɗari bisa ɗari."

"Ɗigon yana nan," na ce. "Likita Fiddausi ma ta gan shi a Katsina."

"To kin ji!"

"Ta ce in ka tara masu ciki ɗari ka yi musu hoto, za ka samu huɗu ko biyar da wannan ɗigon. Kuma kusan dukansu su haifi yaran da ba su da komai."

"Kowane likita da ra'ayinsa."

"Ta ce hoton ciki ba ya yanke hukunci a kan wannan. Zato yake bayarwa, mai ƙarfi ko mara ƙarfi. Awon da ya fi haskawa a wata uku ake yin sa, a bayan wuyan jariri, ku kuma a wata biyar kuka zo. Ko shi ɗin ma, wani lokaci ya tsorata mutum a banza, wani lokaci abin yana nan bai gani ba. In ana son tabbas, sai an ɗebi ruwan mahaifa da allura an kai gwaji. Dokta, ka ɗebi ruwan?"

"Ba ma wannan a reshen nan."

"Sai a Dubai?"

Ya kau da kai wajen labule.

Malam Musaddiq ya matsa kusa. Na ga idonsa ya ɗan yi haske, har na fara cewa a raina ashe da sauran mutum a ciki.

"Kina nufin likitar ta ce yaron lafiya lau yake?"

"Ta ce ta duba zuciya, ta duba kai, ta duba ƙashi, ba ta ga komai ba sai ɗigon. Ta ce zaton ɗan kaɗan ne. Amma ba za ta rantse ba, don hoto ba a rantsuwa da shi."

Hasken ya mutu.

"To kin gani. Ba ta rantse ba. Ga kuma abin a jininku."

"Ta ce yawanci ba gado ba ne. Haka Allah ke kawo shi, a gidan kowa."

"Yawanci," ya ce, yana ɗaga yatsa kamar yana gaban allo. "Yawanci ba duka ba ne."

Sai Yaya Mahfuza ta yi magana. A hankali, kanta a ƙasa.

"Malam, saki na ka yi?"

"Subhanallahi. Wa ya ce saki? Ni mutum ne mai ilimi."

"To me ka yi?"

"Jira nake."

"Jiran me?"

"In ga abin da za a haifa."

Jama'a, na sha zuwa kara da Yaya Alu. Ko mai sayen akuya mai ciki ba ya cewa a riƙe masa sai ta haihu ya gani.

"In aka haifi irin Yaya fa?" ta ce.

Ya juya fayil ɗin daga hammatar dama zuwa ta hagu.

"Ki fahimce ni. Ina da matsayi a garin nan. Abokan aikina ma duk shawarar da suka ba ni ke nan."

"Abokan aikinka sun sani?"

"Mun tattauna a ofis, a matsayin..."

"Su nawa ne?"

"Mahfuza..."

"Su nawa ne suka san abin da ke cikina kafin ni?"

Ni na sani, malamai goma sha huɗu ne a makarantar, ban da maigadi.

Ta dafa tebur ta miƙe. Tunda ta samu cikin nan ban taɓa jin ta ambace shi ba. Sai dai ta ce "abin nan", ko ta kau da kai. Yau ta ɗora hannu a kai a gaban maza biyu.

"Ɗana ne. Ko da ɗigo ko ba ɗigo. Sati shida ina kwana ina tashi ina lissafin laifin da na yi maka. Har na ce ko miyar ranar Juma'ar nan ce da gishiri ya yi yawa."

Wallahi da gaske ta faɗa. Har ta sa na koya mata rubuta "ka yafe min" a waya.

Na ɗauko katin awonta na ajiye kusa da takardar.

"Dokta, saura tambaya ɗaya. Ranar da ka yi hoton, ga rubutunka a katin nan. Ka ce komai lafiya."

"E, to..."

"Takardar tabbas kuma, ga kwanan watanta. Kwana huɗu bayan nan. Ba a sake hoto ba. Me ya shiga cikin a kwana huɗu?"

Gumi ya fara tsattsafo masa.

"An kawo min ƙarin bayani."

"Wane bayani?"

"Tarihin iyali. Da aka ce akwai mai irin abin a gidan, sai na sake duba hoton da idon basira."

"Wato ba na'ura ta gani ba. Kunnenka ne ya gani."

Na juya kan Malam.

"Kai ka dawo ka faɗa masa zancen Yaya Alu."

"Ni? Wallahi tallahi ban faɗa ba."

"Malam, kana rantsuwa da alwala kuwa?"

"Na rantse da wanda raina ke hannunsa. Ni ko a ofis ban taɓa cewa ina da suruki irin wannan ba sai da abin ya faru. Kunyar faɗa nake ji. Dokta ne ya kira ni da kansa."

Yaya Alu ne ya fi kowa rawa ranar ɗaurin aurensu. Ya ba Malam ɗan bunsuru kyauta, wanda ya fi so. Na ajiye wannan a gefe, zan dawo kansa wata rana.

"To wa ya faɗa?" na ce.

Dokta ya dubi ƙofa.

"Sirrin aiki ne."

"Dokta, Likita Fiddausi ta ɗauki hoton takardar nan da wayarta. Ta tambaye ni sunan shagon. Na ce na manta. Ina jin yanzu ya fara dawo min."

Ya cire abin wuyan ya ajiye. Da babu shi a wuyansa, sai ya koma kamar mai sayar da katin waya.

"Wata dattijuwa ce. Ranar kasuwa ta zo, ita kaɗai."

"Uwar Malam," na ce.

"Hajiyarmu tana Kaduna tun azumi," in ji Malam.

"Ba ita ba ce," Dokta ya ce. "Doguwa ce, siririya, da zane a kumatu. Ta ce daga Batsari take. Ta ce sunanta Hansatu."

Na ji kamar an zuba min ruwan randa a baya.

Hansatu sunan Innarmu ne.

"Ƙarya kake," na ce. Amma muryata ba ta fito da ƙarfi ba.

"Ta ce 'yarta ce aka yi wa hoto. Ta ce tana da ɗa, ta kwatanta min shi. Ta ce na'urar tana iya ganin irin wannan tun a ciki? Na ce sosai ma."

"Don kada a ce akwai abin da ba ka iya ba."

"Na nuna mata ɗigon. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce in faɗa wa mijin, kada in faɗa wa yarinyar, kuma in ce masa ya mayar mata da 'yarta gida tun yanzu."

Yaya Mahfuza ta ce, "Shi ke nan abin da ta ce?"

Ya ɗauki raken, ya sake ajiyewa.

"Dokta, shi ke nan?"

"Ta tambaya... ko akwai yadda za a yi da cikin. Na ce ni ba na wannan. Wallahi na ce ba na yi."

Malam Musaddiq ya saki ajiyar zuciya, irin ta wanda aka wanke a kotu.

"To kun ji. Uwarku ma da kanta..."

"Malam," Yaya Mahfuza ta ce, "ƙarfe goma sha biyu ta kusa. Je ka darasinka."

Ta naɗe takardar, ta saka a jaka, ta fita. Ba ta durƙusa ba.

*

Muka kamo hanyar Batsari. An cika motar da buhunan gyaɗa da mutane, direba yana gudu don a wuce wurin da ba a son tsayawa. Wata mata ta ce, "Allah ya raba lafiya." Yaya Mahfuza ta ce amin, idonta a kan gonaki.

Ni kuwa abin da nake tunawa daban.

Sati shida Inna tana dama mata kunu. Tana shafa mata baya. In ta yi kuka ta ce, "Haƙuri, ɗiyata, maza sai haƙuri. Ƙila aiki ne ya riƙe shi."

Ni da bakina na ce, "Inna, mutumin nan akwai abin da yake ɓoyewa." Ta ce in rufe baki, ba a shiga tsakanin mata da miji.

Da la'asar muka iso. Inna tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Kun daɗe. Layi ne a wajen awon?"

"Daga Safana muke," in ji Yaya Mahfuza.

Hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwarya.

Yaya Mahfuza ta ajiye takardar a kan tabarma. Inna ba ta karatun boko, amma ta gane hatimin. Na ga ta gane.

"Dokta yana gaishe ki," na ce.

"Kamila, shiga ɗaki."

"Na shiga ɗaki sati shida, Inna. Ya isa."

Ta dubi Yaya Mahfuza.

"Zauna, ɗiyata. Tsayuwa ba ta yi maki kyau."

"Kin sani."

"Zauna mana."

"Ina kuka a cinyarki kin sani. Ina cewa me na yi masa, kin sani."

Inna ta ture ƙwaryar gefe.

"Na sani."

Ko musu ba ta yi ba. Na so ta yi, ko na minti ɗaya.

"Don me, Inna?"

"Don na riga ki shan ruwan nan. Ke mi kika sani? Ranar da uban wancan ya gane yadda ɗansa yake..."

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Alu ba. Ɗan fari ne. "Wancan" take cewa, ko "Mai-awaki".

"...a gaban danginsa ya sake ni. Uwarsa ta ce da aljani na kwana. Na goya shi na taka daga Ruma har garin nan da ƙafa, ba wanda ya raka ni ko bakin ƙofa. Na ce ba za a yi wa ɗiyata haka ba. In wulaƙanci ne, gara ya ishe ki a ɗakina da ya ishe ki a ɗakinsu, da jego a jikinki."

"Ai ba a wulaƙanta ni ba sai da kika je."

"Mai na'urar ya ce tabbas ne."

"Mai na'urar sati uku ya yi karatu," na ce. "Ranar da ya yi hoton cewa ya yi komai lafiya. Ke kika kai masa ciwon, shi ya buga hatimi. Likitar Katsina ta ce ƙila ma ba komai."

Inna ta dube ni kamar da wani yare na yi magana.

"Ƙila?"

"Ƙila. Ba wanda ya sani. Ba a sani ba, Inna, tun farko ba a sani ba."

Ta kai hannu ta taɓa takardar.

"Ya nuna mani da yatsa. Fari ne, ƙarami, yana motsi..."

"Hoto ne a takarda, Inna. Ba ya motsi."

Yaya Mahfuza ta durƙusa a gabanta, gwiwa biyu, har cikin ya taɓa tabarma.

"Aurena, wannan tsakanina da Malam ne, na ga abin da na gani yau. Ba shi nake tambaya ba. Kin tambayi Dokta ko akwai yadda za a yi da cikin."

"Mahfuza..."

"Kin tambaya ko ba ki tambaya ba?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Tambaya ce kawai. Shaiɗan ne. Ina fita na yi istigfari."

"Shekara talatin kina yi masa wanka, kina yanke masa farce. Yaro ya jefe shi, ki bi yaron har gaban uwarsa. Duk unguwar nan cewa ake ba uwa irin Hansatu. Ni da aka ce min ɗana irin Yaya ne, wallahi abin da na fara cewa shi ne to ai ina da Inna, za ta koya min."

Hawaye ya zubo wa Inna. Ba ta share ba.

"Ki faɗa min abu ɗaya, don in san gidan wa zan haihu. Da a zamaninki akwai na'urar nan, aka nuna miki ɗigon, aka ce miki tabbas... me za ki yi da Yaya Alu?"

Inna ta buɗe baki.

Sai akuya ta yi kuka a bayanmu.

Muka juya gaba ɗaya.

Yaya Alu yana tsaye a bakin zaure, igiya a hannu, hularsa a karkace. Awakin sun riga sun shige, sun kai bakin kwatami suna shan ruwa. Wato ya daɗe a wurin.

Ya dubi Yaya Mahfuza a durƙushe. Ya dubi takardar. Ya dubi Inna.

"Inna," ya ce, "ana tambayarki."